Sunan da Inna Ta Kira a Fangalin Kusbara

Assalamu alaikum, masu jinya da waɗanda Allah bai kawo musu ba tukuna. Sunana Habiba, a Kurfi aka haife ni, kuma mahaifiyata da zan ba ku labarinta tana nan da ranta. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta gabansa na faɗuwa. Yanzu haka ina jiyo ƙarar gugarta a bayan ɗaki. Amma akwai wani hantsi da muka cicciɓe ta muka sa a mota ba ta san inda kanta yake ba, kuma duk waɗanda suka taru suka kai ta ga haka masu ƙaunarta ne. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan.

A bayan ɗakin Inna akwai ɗan fili tsakanin rijiya da katanga. Yayana Lawal ne ya mayar da shi lambu. Shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. 'Yan'uwan da ke tsakaninmu mata ne, aure ya kai su nesa, Baba kuma ya rasu tun ina firamare. A kasuwar Dutsin-Ma Yaya Lawal ya ji masu gidajen abinci suna cigiyar wani ganye da suke kira koriyanda, sai wani mai kayan ƙamshi ya ce masa ai kusbara ce, ga irinta nan a cikin leda. Ya sayo, ni kuma na zama 'yar kallo.

Irin kusbara zagayayye ne kamar masoro, sai dai ya fi shi haske, kuma ba shi da nauyi. Kowace ƙwaya biyu ce a manne. Yakan zuba a faifai ya bi ta kai da kwalba a hankali har su rabe, ya jiƙa su kwana, sannan ya yafa a fangalin da ya cakuɗa da tsohon taki. Ba ta son dashe, inda ta tsira nan za ta zauna. Ba ta son zafi, don haka sai an gama kaka, sanyi ya fara shigowa, ake shuka ta. Tana da jinkirin fitowa har mutum ya fidda rai, sai wata safiya ka ga ƙasa ta yi kore-kore kamar an barbaɗa.

Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, da ta fara shinshina ganyen sai ta yar da shi ta goge hannu a zane.

"Lawal, ka rasa abin shukawa sai mai warin kuɗin cizo? In kuɗin cizo kake so ka zo in ba ka tsohon gadona."

"Gwaggo, ki bari a sa miki a miya tukuna."

"A sa ma uban wa?"

Ya yi ta dariya. Inna tana gefe tana tsince wake, ba ta ɗago ba, amma na ga kumatunta sun motsa.

Kun san kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu. Ta Inna ta fi ta kowa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya Lawal a bakinta ba. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". Ko mai sayar da kalanzir na bakin layinmu, da yake sunansu ɗaya, "mai kalanzir" kawai take ce masa. In Yaya ya shigo gaishe ta, faifai take kallo tana amsawa. Sai ya fita ta tsamo tsokar da ta fi kyau ta jefa a kwanonsa ta ce mini, "Auta, kai ma mutanen can."

Shekarar da na gama kwaleji, ya hau babur ya nufi wajen Barkiya neman taki a wurin wasu masu shanu. An tsinci babur ɗin a gefen hanyar daji. Shi ba a gan shi ba. Ba wanda ya kira waya, ba wanda ya aiko da saƙo. Kawu Sale, ƙanen Inna, ya yi yawon da ƙafarsa za ta iya, har ya gaji. Da aka ɗauki lokaci, manya suka ce a yi masa addu'a a yi sadaka, aka yi. Babu gawa, babu kabari. Mata suka cika gidanmu suna kuka, Inna tana zaune a tsakiyarsu idonta a bushe tana cewa "Allah ya ba mu haƙuri," kamar ita ce ta zo jaje. Mutane suka yi ta yaba tawakkalinta. Abu ɗaya kawai ta yi: da sanyi ya zagayo, ta ɗauko ledar irinsa daga saman taga, ta nemi kwalba da faifai, ta shuka. Ba ta ce wa kowa komai ba.

Ciwon ya fara ne da ƙishirwa. Ta sha ruwa ta koma ta sha, buta ba ta rabuwa da hannunta. Zannuwanta suka fara yi mata yawa. Ta ce idonta yana ganin hazo-hazo, mu kuma muka ce tsufa ne. Sai da Gwaggo ta lura kiyashi na yin layi a inda Inna take zagawa, sannan ta ja ni gefe ta ce, "Ke 'yar boko, ki kai uwarki a duba ta."

Muka tafi Dutsin-Ma. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin a cikinsa na ga abin takaici kuma na ga abin godiya. Mun yi sammako, amma muka tarar layin yankan kati ya kai bakin bishiya. Inna ba ta karya ba saboda gwaji, tana zaune a kan benci tana rangaji, wata ma'aikaciya kuma ta daka mana tsawa don mun tambayi ƙofa. Da layi ya zo kanmu aka ce tsinken gwaji ya ƙare, sai mun sayo a waje. Na sayo. Likitan da ya gan mu yana da kirki, sai dai mutane sun yi masa yawa, yana magana da mu idonsa na kan ƙofa. Ya ce ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Ya rubuta ƙwaya, ya ce a sha da safe kafin abinci, a rage zaƙi, a dawo bayan wata guda. "Kafin abinci" muka riƙe. Ba mu fahimci cewa nauyin maganar yana kan abincin ba.

Makon farko gidanmu ya koma kamar an kafa dokar soja. Kawu Sale ya zo da kansa ya kwashe sukari da zuma da dabino ya kai gidansa. Ya hana fura, ya hana koko, ya hana tuwon dawa, ya ce sai alkama da wake. Kowa da shawararsa. Wata maƙwabciya ta ce ganyen mangwaro, wani ya aiko da saiwar da ban san sunanta ba, Gwaggo ta ce shuwaka ɗanya. Ni kuma na karanta cewa ruwan jiƙon 'ya'yan kusbara yana taimakon masu suga, ga shi kuwa muna da ita a bayan ɗaki. Duk cikin abubuwan da aka kawo, wannan kaɗai Inna ta karɓa ba gardama. Kowace yamma ta jiƙa cokali guda a kofi, da asuba ta tace ta sha ta kora ƙwayarta da shi, ta ɗauki guga ta shiga lambu.

In faɗi gaskiya, kusbara ta yi mana rana. Kumburin cikin da wake ke sa ta, ruwan ya kwantar da shi. Miyar da aka rage wa mai da gishiri ta zama lami, amma in na yayyanka ɗanyen ganyen na watsa a kai bayan an sauke, ƙamshin yakan sa ta ƙara loma biyu. Har Gwaggo na kama ta tana lashe yatsa, ta ce kuɗin cizon nan dai yana da basira. Ƙishirwa ta ragu. Muka ce Alhamdulillahi. Sai dai abincin safe ya zama abin da Inna ke ja wa rai, domin babu abin marmari a cikinsa. Takan ce sai ta gama ban-ruwa.

A mako na uku ne, da hantsi, ina shanya, na ji murya daga bayan ɗaki.

"Lawal."

Na tsaya da rigar a hannuna. Muryar Inna ce, amma ban taɓa jin ta da wannan taushin ba.

"Lawal, ka taka mini fangali. Matsa can. Kai, ka rame. Mi suke ba ka?"

Na yar da rigar na zagaya. Tana durƙushe a tsakiyar kusbara, gumi ya jiƙe mata riga alhali gari da sanyi, hannuwanta na makyarkyata, tana kallon wajen katanga tana murmushi. Babu kowa a wajen sai inuwar zogale. Na kira ta ba ta san ni ba. Na ƙwalla ihu, Gwaggo da ta kwana a gidan ta fito da gudu, ta ji sunan da kunnenta, sai ta ja baya tana salati.

"Wannan ba Hajara ba ce," in ji ta. "Wallahi ba ita ba ce. Na san matar nan tun tana amarya. Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba ta faɗin sunan ga. Wani ne ke magana da bakinta."

Na yi karatu, na san abin da littafi ya ce game da jiki da ƙwaƙwalwa. Amma a wannan lokacin na yarda da Gwaggo ɗari bisa ɗari, domin ni ma na san Inna. Da sambatu take yi na daban, da na ce zazzaɓi ne ko jiri. Sunan ne ya rufe mana ido.

Aka kira Malam Isa, limamin masallacin layinmu, dattijo mai sanyin hali. Ya yi karatu a kanta, ya wanke rubutu, ya ɗauko 'yar kwalbar zuma daga aljihu ya zuba kamar yadda ya saba yi wa kowa, aka ɗura mata da cokali tana haɗiya. Ba a jima ba idonta ya dawo. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Mi ya tara ku a kan shukata?" Gwaggo ta fashe da kuka ta ce sun tafi, sun tafi.

Haka muka shiga makonnin da suka fi kowanne duhu. Abin yakan zo da hantsi, kullum a lambu, kullum da sunan. A kira Malam, ya yi karatu, ya ba da rubutu, ta farfaɗo. Gwaggo ta ce mutanen ɓoye ne da ke zaune a rijiya, wata ta ce a'a, ƙamshin ganyen ne ke jawo su, a tuge shi. Inna ta ce duk wanda ya taɓa mata fangali ba ta yafe ba. Aka yi hayaƙi, aka yi sadakar waina, Kawu ya sayar da tunkiya aka aika wa wani malami a wani gari da kuɗin. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, muka ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ni kuma na daina iya zagawa bayan ɗaki ni kaɗai. In iska ta kaɗa ganyen, ƙamshin ya taso, sai in ji kamar akwai mai tsayuwa a jikin katanga yana jira in juya.

Wata rana Kawu ya tarar ana haɗa rubutun, ya ga kwalbar.

"Allah gafarta Malam, zuma ce wannan? Yayata fa suga gare ta. Muna gyara can muna ɓata nan."

Malam Isa ya riƙe baki, ya ce wallahi bai yi tunani ba, a gafarce shi. Duk muka ga hikimar Kawu, har muka gode masa. Daga ranar aka ce rubutu zalla.

Karo na gaba da abin ya zo, Malam ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Aka ba ta rubutu, ba ta dawo ba. Gwaggo ta kawo sauran ruwan kusbara ta ce a ƙara mata ko sugan ne ya hau, aka ƙara. Sunan da take kira ya koma raɗa, raɗar ta koma motsin leɓe, sannan leɓen ya tsaya. Jikinta ya yi sanyi ya yi laushi, numfashinta na fita da gurnani. Malam ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Sale, nemo mota. Wannan ya wuce ni."

Hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma na sha bin ta ina ɗaliba, ina kallon duwatsu da gonaki ina tsara waƙoƙi a raina. Ranar ban ga komai ba sai fuskar Inna a kan cinyata. Akwai ɗan ganyen kusbara da ya maƙale a yatsunta, ya dame da gumi, ƙamshinsa ya cika motar. Har yau in na ji ƙamshin nan kwatsam, sai cinyata ta yi nauyi.

Allah ya saka wa wata ma'aikaciyar jinya da alheri, ban ma san sunanta ba. Tana ganinmu a bakin ƙofa ba ta tambayi kati ba. Ta taɓa goshin Inna ta ce, "Tana shan maganin suga?" Na ce e. Ta soki yatsar Inna, ta dubi wani ɗan injin gwajin suga, ta ruga. Aka ɗaura ƙarin ruwa, aka tura wani ruwa ta jijiya da babban sirinji. Kafin Kawu ya gama biyan kuɗin mota, Inna ta buɗe ido ta ce ƙafarta na jin sanyi.

Likitar da ta zo daga baya mace ce, ba babba ba. Ta zaunar da mu ta ce a faɗa mata komai, kada a ɓoye. Muka faɗa, har da rijiya da hayaƙi. Ba ta yi dariya ba. Da muka zo kan zuma sai ta runtse ido ta ɗan jima.

"Kawu," ta ce, "zumar nan ita ce ke dawo muku da ita. Ruwan da muka tura mata yanzu ma ruwan sukari ne."

Kawu ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ta yi mana bayani da Hausar da kowa zai gane. Ƙwayar da aka ba Inna aikinta ta ja suga ƙasa, ko an ci abinci ko ba a ci ba. In aka sha ta a kan yunwa, aka kama aiki, sugan zai yi ta sauka har ƙwaƙwalwa ta rasa abin da za ta ci, mutum ya yi gumi, ya yi rawa, ya ga abin da babu. Na tambaye ta ko kusbara ce ta jawo. Ta ce kusbara abinci ce mai kyau, a ci gaba da sa ta a miya, amma ruwan jiƙonta yana iya ƙara ɗan jan sugan, don haka ba a haɗa shi da ƙwaya a ciki wayam, kuma duk abin da mutum ke sha na gida ya faɗa wa likitansa. Sai ta faɗi maganar da ta zauna mini: "Sugan da ya hau a hankali yake cin mutum, shekara da shekaru. Wanda ya sauka, kafin azahar ya gama."

Muka yi kwanaki a ɗakin mata, ina kwana a tabarma ƙarƙashin gado, sauro na cin rabonsa, ruwa sai an sayo a jarka. Aka rage ƙwayar, muka sayi injin gwaji namu, buhun gero guda ya tafi a kai. Muka dawo gida da dabino a kowane lungu. Malam Isa ya zo gaisuwa da sabuwar kwalbar zuma, ya ajiye a gabanta ya ce, "Hajiya, ashe ni da ƙudan zuma muke aikin, ni nake karɓar godiya." Aka yi dariya. Na ɗauka labarin ya ƙare.

Ba a yi sati biyu ba na sake jin sunan daga bayan ɗaki. Na ruga da dabino da ruwan sukari, ta dawo. Bayan 'yan kwanaki ya sake faruwa. Na rasa gane kan abin, domin da hannuna nake kai mata kwanon karin kumallo lambu, kuma wayam yake dawowa. Kaji ne suka tona. Na lura duk safiya, da zarar Inna ta nufi bayan ɗaki, sai su bi ta a guje har suna ture juna, alhali da ba su damu da ita ba. Washegari na laɓe a jikin ɗaki. Na ga ta haɗiye ƙwaya da ruwan kusbarar da ta jiƙa a ɓoye a cikin wani tsohon gwangwani, ta juye waken a gindin zogale, kaji suka rufa. Sannan ta gyara ɗankwalinta, ta zauna a bakin fangali tana fuskantar katanga, ta ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran baƙo.

Lokacin zafi ya fara shigowa, kusbarar ta yi tsawo ta fitar da fure farare ƙanana, ƙudan zuma na yawo a kai. Na fito na durƙusa a gabanta.

"Inna, kin ji abin da likita ta ce."

"Na ji."

"Kin san ba shi ba ne."

"Auta, ni ba yarinya ba ce. Na san wanda ya tahi ba ya dawowa ta katanga." Ta tsinke fure guda tana murzawa. "Amma fuskar tashi ce. Har tabon nan na haɓa."

Na zauna a ƙasa kusa da ita.

"Ina da shekara goma sha bakwai na haife shi," ta ce. "Uwar mijina ta ɗauke shi, sai in za ya sha nono a miƙo mini, in ba shi ina kallon bango. Ya yi rarrafe ban yi guɗa ba. Ya yi ƙyanda ina leƙe ta labule. Haka muka taras ana yi, kuma ban ce ba daidai ba ne. Na ɗauka akwai lokaci. Na ce in na tsufa, kunya ta saki, wata rana zan zaunar da shi in kalle shi son raina." Ta watsar da furen. "In abin nan ya taso mini, bakina sakewa yake. In kira shi ya waiwayo. Ke kin san daɗin wannan?"

"In ya tafi da ke fa, Inna?"

Ta dubi katanga. Sannan ta ce, "Kawo dabinon." Ta ci guda biyu, hannunta ya riga ya fara rawa.

Ban faɗa wa Kawu ba, ban faɗa wa Gwaggo ba. Ranar komawa asibiti na bar ta a benci na shiga na faɗa wa likitar. Ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge. Ta ce tunda sugan ya daidaita, za ta canza mata magani zuwa wani da ba ya faɗar da shi haka. Inna na karɓar sabuwar ƙwayar ta juya ta a tafin hannu, ta ga launinta daban, ta dube ni. A mota ba ta yi mini magana ba har muka wuce rabin hanya. Sai ta ce, tana kallon taga, "Sau biyu ke nan ana ɗauke mini shi."

Wannan maganar ina ɗauke da ita har gobe. Kuma da za a mayar da ni bakin ƙofar likitar, zan sake shiga.

Ya ku masu jinyar mai suga, ku ajiye dabino ko sukari kusa, kada tsoron zaƙi ya sa ku kwashe shi daga gida kamar yadda muka yi. In kuka ga gumi da rawar jiki da magana ba kan gado, ku fara ba shi zaƙi in yana iya haɗiya, addu'a ta biyo a kai, ba sa hana juna. In ya sume kada a ɗura masa komai, a nemi mota. Ku shuka kusbara, ku ci ganyenta, ta gyara miya ta kwantar da ciki, amma kada a ɗora mata aikin da ba nata ba. Kuma ku riƙa duba inda kwanon mara lafiya yake komawa. Wayam ɗinsa ba shaida ba ne.

Furen ya zube, 'ya'ya suka fito kore suka koma ruwan ƙasa. Inna ta yanke su ta ɗaure dami-dami ta rataye a rumfa, suka bushe, ta sheƙe ta zuba a leda ta mayar saman taga. Duk damina ba ta zagaya bayan ɗaki ba sai ɗibar ruwa. Tana cin abinci a gabana, tana shan magani, jikinta ya murmure, Gwaggo na cewa ta koma budurwa. Amma ta yi shiru irin wanda ban saba ji ba, kuma na ji tsoron ba za ta sake shuka ba.

Da sanyin bana ya shigo, wata safiya bayan ta karya, sai ta ce in miƙo mata kwalba da faifai. Muka zauna tare tana murzawa, ƙwayoyin na rabewa biyu-biyu da 'yar ƙara. Na tattara ƙarfin hali na ce, "Inna, in kin karya kin shiga lambu, ba mai zagayowa. Ni ma ba zan zo ba. Zan tsare miki hanya."

"Ba ya zuwa in na ƙoshi."

"Na sani."

Ta ci gaba da murza kwalba.

Tun daga ranar, in ta ɗauki guga, nakan zauna a bakin ƙofar kicin in ba lambun baya. In Gwaggo ta shigo in tare ta da hira. Shukar ta yi jinkirinta kamar kullum, sannan ta fito. Kwanaki da yawa ban ji komai ba sai zubar ruwa.

Shekaranjiya da hantsi, ina tankaɗe, na ji zubar ruwan ta tsaya. Na lalubi dabinon da ke ƙulle a bakin zanena. Sai na ji ta. Muryar ba ta rawa, ba ta da wancan taushin na maye. Muryar Inna ce ta kullum, wadda take ce mini in rufe tukunya da ita, sai dai ta yi ƙasa.

"Lawal."

Zakara ya yi cara a gidan maƙwabta. Iska ta kawo ƙamshin ganyen har inda nake. Ba wanda ya amsa, kuma na san ita ma ta san ba mai amsawa.

Can sai na ji guga ta sake faɗawa rijiya.